Kaki a Kan Katanga

A shekarar da aka katse layin waya a yankinmu, ina aji uku a makarantar jeka-ka-dawo a Ƙanƙara, yayana kuma yana ajin ƙarshe. Ba mu daɗe da tasowa daga Mabai ba. Mun baro gona da rumbuna, muka kama hayar ɗaki biyu a wani lungu bayan kasuwa, Baba ya koma aikin gini duk inda aka kira shi.

Malaminmu na tarihi shi ya kawo maganar wasan. Saurayi ne siriri ɗan cikin birnin Katsina, in koyarwa ta yi masa daɗi yakan manta da alli a hannunsa ya shafa fuska, ya ƙarasa darasin da farin goshi. Ya ce bana ba fareti kaɗai za a yi ranar bikin 'yancin kai ba. Za mu kwaikwayi yaƙin basasa, don mu gani da idonmu yadda 'yan ƙasa ɗaya suka kashe juna, daga baya suka dawo suka rungumi juna. Wani daga bayan aji ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ai rabin farko muna gani kullum." Ba wanda ya yi dariya. Malam ya yi kamar bai ji ba.

Abin da ya tsara shi ne ƙetare kogi. Sojojin tarayya a wannan gaɓa, na Biyafara a waccan. Benci shi ne jirgin ruwa. Ƙarar harbi kuma wani tsohon kwanon rufi ne ake duka da sanda. Ni Malam ya san ba zan iya buɗe baki a gaban jama'a ba, sai ya ba ni kogi. Wani dogon shuɗin yadi ne, ni in riƙe baki ɗaya, wata 'yar ajinmu ta riƙe ɗayan, mu tsuguna muna girgiza shi ya zama igiyar ruwa. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Ba mai kallona, ni kuwa daga tsugune ina ganin ƙafar kowa.

Yaya aka ba sajan, saboda ya fi kowa tsawo. Shi zai fara saukowa daga benci, ya taka kogi, ya ce, "Ku biyo ni, ƙasa ɗaya ce!" sai a harbe shi. Ya ɗauki faɗuwar nan da muhimmanci fiye da karatunsa. Ko a gida sai ya tsaya a tsakar gida, ya dafe ƙirji, ya yi juyi ɗaya, ya yi kalmar shahada da ƙarfi, sannan ya zube kusa da turmi. Inna takan kau da kai ta ce mini, "Ce wa wancan ya bar kiran mutuwa a gidan mutane."

Haka take magana da shi kullum. Inna Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Mairuwa, Yaya kuma ɗanta na fari, kunyarta a kansa ba ta wasa ba ce. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko yana zaune a gabanta, ni take wa magana: ce mashi ya ci abinci, ce mashi ya aske sumar nan. Abin da ba ta iya faɗa da baki, a tuwonsa da wankinsa yake fitowa. Malmalarsa ta fi ta kowa santsi, kuma duk makarantar ba mai farar riga irin tasa.

Kakin wasan wani tela ya ɗinka da koren yadi mai araha. Malam ya ce haka sojojin wancan zamani suke sawa, kore zalla. Samarin suka ƙi. Suka ce wannan ai kayan masu sharar asibiti ne, soja sai da dabbare-dabbare. Suka samo galura baƙa da ruwan ƙasa, suka yi ta ɗiga wa yadin da tsumma har ya koma irin wanda muka saba gani. Bindigogin kuwa na katako ne, aka shafe su da baƙin mai da garin tsohon batir. Daga nesa ba ka ce katako ba ne.

Abu ɗaya ne na gaske a jikin Yaya, shi ne bel. Maƙwabcinmu ne ya ara masa, wani tsoho da duk lungun ke kira Baba Soja, don ya yi yaƙin basasar da ƙuruciyarsa. Kunnensa ɗaya ya mutu, kullum yana kan tabarma a ƙofar gida yana gyaran rediyon da ba ta taɓa gyaruwa. Ni amaryarsa yake kirana. Ranar da muka je aron bel ɗin ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya miƙa.

"Wa zai ci yaƙin naku?" ya tambayi Yaya.

"Mu mana, Baba. Tarayya."

"To, madalla. Mu dai da muka je ba mu ga wanda ya ci ba." Ya juyo wajena. "Amarya, ke wane ɓangare kike? Kar ki ce mini kin bi yaro kin bar tsoho."

Na rufe fuska da hijabi, na ce ni kogi ce. Sai da na maimaita a kunnensa mai ji, sannan ya yi dariya har da tari.

Ranar wata Juma'a Malam ya ce kowa ya tafi da kayansa gida, don ɗakin ajiyar makaranta yana yoyo. Ya ja kunne a naɗe su a jaka, kar a yi yawo da su. Yaya ya naɗe nasa ya tura ƙarƙashin gado, bindigar kuma ya jingine ta a zaure bayan ƙofa.

Da safiyar Asabar Inna tana shara ta jawo jakar. Ta buɗe, warin zufa da galura ya buge ta. Ta ce, "A haka zai tsaya gaban mutane?" Ta wanke rigar da wandon da ruwan sanyi, a hankali don kar launin ya zube, ta dama sitaci ta tsoma su. Ƙarfen bel ɗin ta goge shi da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli. An yi ruwa da asuba, igiyar shanya tana ƙarƙashin darbejiya tana ɗiga, ba inda rana ta sauka sai kan katangar da ta raba mu da lungu. Nan ta ɗora su, kamar yadda take ɗora zannuwanta kullum. Rabin rigar yana cikin gida, rabi a waje. Ƙafafun wandon suna reto ta ɓangaren hanya.

Ina zaune ina tsintar wake. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Yarinyar da ke tallar awara a bakin lungu ta daina kira. Yaran da ke buga ƙwallon tsumma suka ɓace kamar an share su. Wata maƙwabciyarmu da ta leƙo aron rariya ta tsaya a bakin zaure, ta dubi katanga, ta dubi bayan ƙofa, ta juya ta fita. Har yau ban san wanda ya kai maganar ba, kuma ba na ɗora wa matar nan. Kowa ya wuce ta lungun ya gani.

Da hantsi 'yan sa-kai suka shigo, ba sallama. Mun san su, su ne ke kwana a bakin gari suna gadinmu, wasunsu ma Baba yana gaisawa da su a masallaci. Ɗaya ya riga ya sauke kakin daga katanga ya haɗa da bel ɗin, wani yana riƙe da bindigar katakon yana shinshina ta.

"Ina maigidan?"

Inna ta amsa daga bakin ɗaki cewa yana Mairuwa wurin aiki.

"Wannan na wane ne?"

Yaya ya ajiye kofin koko ya miƙe. "Nawa ne. Na wasan makaranta ne, ku tambayi malaminmu."

"Wasa," in ji wani gajere a cikinsu. "Mu ma wasa ya kawo mu."

Ban iya kallon fuskarsa ba, ƙafarsa na kalla. Silifas ɗinsa ba iri ɗaya ba ne, ɗaya shuɗi ɗaya kore, an ɗaure igiyar koren da waya. Daga baya na ji cewa mutumin 'Yargoje ne, kuma ƙannensa biyu aka kashe a gona a daminar da ta wuce. Ya leƙa ya dubi Inna, da dogon hancinta da tsagar da ke gefen bakinta, ya ce wa na kusa da shi, "Dama an ce uwar ta daji ce."

Suka tasa Yaya gaba, ko takalmi bai sa ba.

Kowa a garin ya san abin da wannan tafiyar take nufi. Wanda aka kama da zargin yana kai wa ɓarayin daji rahoto, ko yana ajiye musu kaya, wani lokaci yakan dawo, wani lokaci kuma sai dai a daina tambaya. Babu waya balle mu kira Baba. Inna ta tsaya a tsakar gida tana kallon katangar, inda danshin rigar ya bar shaida a jikin ƙasa. Sannan ta yafa mayafi ta ce in zo.

Mun fara zuwa wurin Baba Soja. Da ya gane abin da nake faɗa masa, sai ya tura rediyon gefe ya nemi sandarsa. Daga nan muka je ɗakin da Malam yake haya. Mun same shi yana wanki da singileti. Yana jin labarin kumfa ta bushe a hannunsa bai sani ba. Ya yi ta cewa, "Na ce su naɗe, wallahi na ce su naɗe." Na zaci zai ce ba ruwansa, ganin shi baƙo ne a garin. Amma ya zura riga, ya sa maɓallan a karkace, ya biyo mu. A ofishin 'yan sa-kai aka ce Kwamanda ya fita daji, sai gobe. Ba su bari mun ga Yaya ba. Tuwon da Inna ta aika da ni da shi da yamma, a bakin ƙofa aka karɓa.

Washegari da safe muka koma. Ofishin wani tsohon shagon hatsi ne mai fili a baya, an kewaye da langa-langa. Akwai bencina, da butar shayi a kan murhu, da bindigogin toka da adduna a jingine a bango. Kwamanda dattijo ne, tsohon maharbi, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka ba Baba Soja kujera, ya ce wa Inna ta zauna a inuwa. Kakin da bel ɗin suna shimfiɗe a gabansa.

Malam ya yi bayani. Kwamanda ya saurare shi har ya gama.

"Malam, ka san abin da ya faru ta wajen Faskari kwanan baya? Da irin wannan rigar suka shiga wani ƙauye. Mutane suka zaci sojoji ne, suka fito da ruwan sha." Ya ɗaga bel ɗin. "Rigar na yarda tela ne. Wannan fa? Wannan ba tela ba ne."

"Mi ya ce?" in ji Baba Soja.

Aka maimaita masa da ƙarfi.

"Nawa ne. Bel ɗin nan ya girmi duk yaran nan naka. Duba ramin ƙarshe, ni na huda shi da ƙusa, lokacin da yunwa ta cinye mani ciki a bakin kogi. In kama mai bel za ku yi, ga ni, sai dai ku ɗauke ni da kujerar."

Wasu suka yi dariya. Mai silifas iri biyu bai yi ba. Ya ce tsoho zai iya ba da aro da zuciya ɗaya, amma wa ya san inda yaron yake zuwa da kayan in dare ya yi? Dangin uwarsa suna ina yanzu? Mu kanmu ba mu san inda kawunnanmu suka koma ba tun da rugar ta watse.

Kwamanda ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To, in wasa ne, ku yi mana mu gani. Wanda ya koyi abu ya san inda zai tsaya da abin da zai ce. Ku zo bayan azahar."

Malam ya bi gida-gida yana roƙo. Yawancin iyaye suka ƙi, wasu ma sun riga sun ƙone kakin 'ya'yansu tun jiya. Ya dawo da 'yan samari kaɗan, kusan duk na ɓangaren tarayya, cikin kayan gida. Abokiyar riƙon kogina ba a bar ta ta fito ba. Ni na ɗauko shuɗin yadin daga gida, na tsuguna na riƙe bakina, ɗaya bakin yana yashe a ƙasa. Sai Baba Soja ya sauko daga kujera da ƙyar, ya zauna dirshan, ya kama.

"Amarya, ja da kyau," ya ce. "Na gasken ya fi wannan faɗi, amma za mu yi maneji."

Aka fito da Yaya. Leɓensa na ƙasa ya kumbura, kuma ba ya taka ƙafar hagu sosai. An sa shi ya sanya kakin. Sitacin Inna ya bushe ƙandas ba a goge ba, rigar ta tsaya a jikinsa kamar kwali, tana ƙara in ya motsa. Bai dubi inda muke ba.

Malam ya nemi kwanon da za a buga. Kwamanda ya ce a'a, in aka ji ƙarar nan yanzu rabin garin zai kwana a cikin dawa. A yi yaƙin shiru. Sannan ya ƙirga waɗanda ke waccan gaɓar da ido, ya ga ba su da yawa.

"Waɗannan su ne abokan gaba? Ai ba su isa ba. Kai, shiga ka cike masu."

Mai silifas iri biyu yake nufi. Mutumin ya ɗauki bindigarsa daga bango ya taka zuwa gaɓar Biyafara.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam, "a ba shi ta katako."

"Bar shi, Malam. Hannunshi ya saba da tashi bindigar."

Ina ganin Kwamanda so yake mutumin ya gani da kansa, daga kusa, don bakinsa ya mutu. Haka nake fassara abin yanzu. A lokacin ban fassara komai ba, yadi kawai nake girgizawa.

Samarin suka hau benci suna tuƙi da hannu. Ba kiɗa, ba harbi, ba ihu, sai ƙarar rigar Yaya da tafasar butar shayi. Waɗanda ke waccan gaɓar suka ɗaga katakonsu suna jijjiga kafaɗa kamar ana harbi, bakinsu a rufe. Wani soja ya faɗa kogi kamar yadda aka koya masa, ya yi ta wutsil-wutsil a kan yadin, wani ɗan sa-kai ya ce, "Wannan bai iya ruwa ba, ɗan Sabuwa ne?" Aka kwashe da dariya. Na ji sanyi kaɗan a raina. Na ce tun da suna dariya, ƙila an gama.

Sai lokacin Yaya ya yi. Ya sauko daga benci da ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Ya buɗe baki, maganar ta fito kamar raɗa.

"Sajan, ɗaga murya!" wani ya ce. "Ko ba a ba ka koko ba?"

"Ku biyo ni," in ji Yaya. "Ƙasa ɗaya ce."

Ya taka yadin. Na ji nauyinsa a hannuna. A waccan gaɓar mutumin ya ɗaga bindiga ya kafa ta a kafaɗa, ba irin ɗagawar 'yan wasa ba, ya karkata kai ya runtse ido ɗaya. Daga inda nake ina ganin babban yatsan ƙafarsa ya danne koren silifas har ya yi fari. Sai na ji ƙas, ya ɗana.

"Kai," in ji Kwamanda, a hankali.

Yaya bai dafe ƙirji ba, bai yi juyi ba, bai yi shahadar da ya yi ta maimaitawa kusa da turmi ba. Gwiwoyinsa ne suka lanƙwashe, ya kifa da fuska, yadin ya fizge daga hannuna. Ba a yi harbi ba. Mutumin yana nan tsaye da bindiga a kafaɗa, bakinta ya bi Yaya har ƙasa.

Ni na fi kowa kusa. Na ga shuɗin yadin yana ƙara duhu a ƙarƙashin wandonsa, duhun yana faɗaɗa. Da farko na zaci jini ne. Da na gane ba jini ba ne, sai na jawo ragowar yadin na rufa masa daga ƙugu zuwa gwiwa, kamar ruwa ne ya ci shi. Baba Soja ya gani, ya saki nasa bakin ya turo mini.

A wasan, sajan yakan kwanta har sojojinsa su ƙetare. Amma ba wanda ya ƙetare. Samarin suna kan benci sun daskare. Yaya bai motsa ba, idonsa a buɗe, yana kallon ƙasa dab da hancinsa.

Sai ga ƙafafun Inna a gefena. Ta ratso tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta tsaya tsakanin bakin bindigar da Yaya, ta ba mutumin baya. Ba ta sunkuya ba, ba ta taɓa ɗanta ba.

"Ce mashi ya tashi."

Na sa baki kusa da kunnensa na ce, "Yaya, Inna ta ce ka tashi." Sai da na faɗa har ya ji. Ya dafa ƙasa ya zauna, yana riƙe da yadin a ƙugunsa.

Kwamanda ya ce ya gani, ya isa. Malam kuwa, ban san ko ruɗewa ce ko so yake a rufe maganar da kyau ba, ya ce saura sulhu, a ƙarshe ɓangarorin biyu suna rungumar juna. Kwamanda ya ce to a yi. Samarin suka rungumi juna da sauri-sauri. Mutumin ya sauke bindiga ya matso inda Yaya yake tsaye da yadi ɗaure a ƙugu. Bai rungume shi ba, kafaɗarsa kawai ya dafa. Ina ƙasa ina tattara bindigogin katako, don haka na ji abin da ya ce.

"Yau wasa ne. Amma na san gidan."

Aka ba Yaya wani tsohon wando ya canza a bayan shago. Kakin da katakon aka cusa a murhu ƙarƙashin butar shayi, baƙin man ya yi ta hayaƙi mai wari. Kwamanda ya miƙa wa Baba Soja bel ɗinsa da hannu biyu, ya ce wa Inna ta yi haƙuri, zamani ne ya kawo haka. Ya ce wa Malam ya koya wa yara wani abin daban. Muka fito. A hanya mutane suna zaune a ƙofar gidajensu, ba wanda ya yi mana barka, ba kuma wanda ya zage mu.

Baba ya dawo bayan 'yan kwanaki, wani direba ne ya kai masa labari. Na faɗa masa abin da na ji mutumin ya ce, don ba wanda ya ji sai ni da Yaya, shi kuwa Yaya ya daina magana. Baba ya je ya gode wa Kwamanda, ya dawo ya zauna a zaure har la'asar. Sannan ya kira Yaya ya ce ya haɗa kayansa, zai tafi Funtuwa wurin ƙanen Baba mai walda.

"Baba, jarrabawa fa? 'Yan watanni suka rage."

"Jarrabawa ana sake ta."

"Kwamanda ai ya ce ba ni da laifi."

"Kwamanda ba ya kwana a lungun nan. Duk ranar da aka shigo garin nan aka yi ɓarna, gidan wa kake jin za a fara tunawa?"

Malam ya zo har gida ya roƙa. Ya ce zai riƙe Yaya a ɗakinsa har a gama jarrabawa. Baba ya gode masa, ya ba shi ruwa, bai canza magana ba. Ranar bikin 'yancin kai fareti kawai aka yi, shi ma ba a daɗe ba.

Ni da Baba muka raka shi tasha da safe. Hanyar tasha ta gaban ofishin 'yan sa-kai take bi, ba wata. Mai silifas iri biyu yana zaune a benci yana shan shayi. Na ga tafiyar Yaya ta canza tun daga nesa. Da muka zo daidai wurin, Baba ya yi sallama, mutumin ya amsa. Yaya ya ajiye jakarsa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, kamar yadda ake gaida kowane babba.

"Sajan, tafiya ce?"

"E, Funtuwa."

"Allah ya kiyaye hanya."

Yaya bai sake zama a ajin makaranta ba. Ya iya walda, yanzu har yana da nasa injin. In ya zo gida da Sallah, da hantsi yake isowa, kafin la'asar ya juya, bai ƙara kwana a Ƙanƙara ba. Ƙofofin ƙarfe yake yi, masu kauri, da sakata uku ta ciki. Ya ce mini yawancin masu saye daga wajenmu suke zuwa, Faskari da Sabuwa da nan Ƙanƙara, har ba ya iya cika alkawari a kan lokaci. Bara ya aiko mana da ɗaya a saman mota. Baba ya cire ta katakon ya kafa ta da kansa, sai da ya fasa gefen zauren kafin ta shiga.